Kwandaloli huɗu aka kawo min, wacce ce azurfa furuf ta gaskiya?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai kwandaloli huɗu a gabana da aka ce duk azurfa ce irin wadda ake kira furuf, ina son sanin gaskiyar kowacce kafin in biya.

Ta farko dala ɗaya ce ta Amurka, mace na tafiya a gaba, mikiya a baya, shekarar 2009, da ɗan harafin W kusa da mikiyar. Tana cikin kwanson roba, tana ƙyalli kamar madubi. Ta biyu ta Ingila ce ta 1981, ta auren Charles da Diana, babu kwali babu takarda, sikelina ya nuna giram 28.3. Ta uku sule goma ce ta Ghana ta 1958 mai kan Nkrumah, gefenta ya yi baƙi-baƙi. Ta huɗu dala biyar ce ta Kanada mai ganye, 2015, da wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar madara ta fantsama a kanta.

Mene ne furuf ɗin ma takamaimai? Yaya zan tabbatar azurfa ce ba tare da na ɓata su ba? An ba ni shawarar in kai wa maƙerin fari a unguwar Adum ta Kumasi ya goga su a dutse ya ɗiga asid, kuma in wanke baƙar da man goge baki. Me kuka gani?

Mai Sikeli na Alabar ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada ka kai su dutse, kada ka kai su asid. Wannan gwajin na sarƙa da awarwaro ne, kayan da ƙarshensu narkarwa. Kwandalar furuf fuskarta ce kuɗinta, tabo ɗaya ya isa ya mayar da ita farashin ƙarfen da ke cikinta kawai.

Furuf hanyar bugu ce, ba wai kwandala ta yi sabunta ko ta yi ƙyalli ba. Ana goge hatimin ƙarfen da za a buga da shi har ya zama madubi, a goge fallen azurfar shi ma, a wanke, sannan a buga a hankali da ƙarfi sosai, sau biyu ko fiye, a ɗauke kowacce ita kaɗai ba tare da ta taɓa 'yar'uwarta ba. Abin da wannan ke haifarwa shi za ka nema da ido. Filin da ba zane ya zama madubi mai zurfi: ka riƙe rubutun jarida kamar tsawon yatsa daga fuskarta, ya kamata ka iya karanta haruffan a ciki tsaf. Zanen kansa, wato kai da tsuntsu da haruffa, ya fito fari mai gari-gari kamar an barbaɗa masa alli, ba ya ƙyalli. Bakin da'irar kuma ya tsaya a miƙe da kaifi, bai lanƙwasa ba. Akwai wadda ake juya abin, filin ya zama gari-gari zanen ya zama madubi, ita ma furuf ce.

Idan mutum ya ɗauki kwandala ta yau da kullum ya goge ta da inji, komai nata zai yi ƙyalli bai ɗaya, fili da zane, kuma gefen haruffa zai yi laushi kamar sabulun da aka yi wanka da shi. Ka sa tabaron masu gyaran agogo mai ninka goma, ka karkata ta ƙarƙashin fitila ɗaya a ɗaki mai duhu, za ka ga siraran layuka sun bi hanya guda, kuma a lungun haruffa inda injin bai kai ba launin ya bambanta.

Yanzu ta Amurkar. Ba sai ka auna ta ba ma, shekarar ta tona mata asiri. An fara buga wannan dala a 1986. Furuf ɗinta na ɗauke da harafin gidan da aka buga ta: S, wato San Francisco, daga 1986 zuwa 1992, sai P na Philadelphia daga 1993 zuwa 2000, sai W na West Point daga 2001 (ko da yake S ya sake fitowa a wasu shekaru daga 2012), ban da wata mai W ta 1995 da aka fitar cikin kwali na musamman, guda 30,125 kacal, wadda saboda tsadarta masu jabu suka fi kwaikwayo. A 2009 gidan buga kuɗin Amurka bai fitar da furuf ɗin wannan dala ba ko ɗaya, saboda masu sayen ta zuba jari, wato wadda ake saye don azurfar da ke cikinta kawai, sun yi yawa har fallayen azurfa suka yi ƙaranci. Ta 2009 ta gaskiya ba ta da harafin gidan bugu ko kaɗan. Saboda haka 2009 da W da fuskar madubi ba sa haɗuwa a kwandala ɗaya.

Duk da haka ka auna, don hannunka ya saba. Ta gaskiya giram 31.10 ce, faɗi milimita 40.6, kauri 2.98. Ka nemi sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, naka mai lamba ɗaya bai isa ba, da ma'aunin kauri na roba, domin na ƙarfe yana karce baki. Dalilin haɗa ukun shi ne jan ƙarfe bai kai azurfa nauyi ba: a cikin santimita ɗaya ta ko'ina azurfa na da giram 10.49, jan ƙarfe 8.96. Mai jabu in ya daidaita nauyi dole kauri ko faɗi ya ƙaru, in ya daidaita girma nauyi ya ragu da wajen giram huɗu da rabi. Sai kuma juyi. Kuɗin Amurka in ka riƙe kan a tsaye ka kifa shi daga sama zuwa ƙasa, bayan zai fito a tsaye. Na Ingila da Kanada daga dama zuwa hagu ake juya su. Jabu da yawa a nan suke faɗuwa.

Ta Kanadar ba furuf ba ce, amma da alama azurfa ce. Daga 2014 suka fara yi wa filin siraran layuka masu fita daga tsakiya kamar hasken rana, da wani mitsitsin ganye a ƙasa mai lambobi biyu na ƙarshen shekara a cikinsa, taka ya kamata ka ga 15. Wannan irin ta zuba jari ce, farashinta yana bin farashin azurfa na ranar. Faɗinta milimita 38, nauyi giram 31.1.

Hajiya ta Nima ta amsa:

Alhaji Mai Sikeli ya gama da biyu. Ni ta ukun ce ta tsaya min a rai, ɗana, domin ita ce mai daraja a cikinsu in ta tabbata, kuma ita ce ake shirin kashewa da man goge baki.

A 1958 Ghana ta fitar da kuɗinta na kanta, fam da sule da kwabo, ta bar na Afirka ta Yamma na Turawa. Sauran kuɗin na kashewa ne, na tagulla da farin ƙarfe, amma sule goman azurfa ce mai kashi 925 cikin 1000, nauyinta giram 28.28, kuma furuf aka buga ta don tunawa da samun 'yanci. A gaba akwai kan Nkrumah da rubutun Latin, CIVITATIS GHANIENSIS CONDITOR, wato wanda ya kafa ƙasar Ghana, a baya tauraro. Ka duba kaurin bakinta: rubutu ne a wurin, na ranar 6 ga Maris 1957. In ka ga bakin sumul, ko ka ga wani siririn layi ya zagaye shi kamar an haɗa marfi biyu, to zubi ne aka yi a cikin ƙira, ba bugu ba. Na zubi kuma fuskarsa na da ƙananan ramuka da ƙuraje in ka sa tabarau.

Baƙin da ka gani ba datti ba ne. Farar wuta da ke cikin iska ce ta haɗu da fatar azurfar. Yana farawa ruwan zuma, ya koma shuɗi da ruwan hoda, ƙarshe ya yi baƙi, kuma daga baki yake shigowa tsakiya. Kwandalar da ta haura shekara sittin yawanci takan yi wannan, masu tara kuɗi ma sun fi yarda da wadda ta yi shi a kan wadda ta yi fari fat. Man goge baki yana da garin da ke kankare haƙori. Haka toka, haka garin bekin soda, haka Brasso na goge ƙarfe, haka ma tsumma mai laushi in akwai ƙurar hunturu a kai, domin ƙurar nan yashi ce. Kowanne zai bar dubban siraran layuka a madubin, kuma ba mai iya cire su har abada. Lemun tsami da ruwan wanke azurfa na kanti ba sa karce, amma suna cin fatar, su tafi da garin nan fari na kan zanen, kwandalar ta koma fari mara rai.

Abu ɗaya kaɗai na yarda a sa wa furuf, shi ne asiton tsantsa na kantin kayan sinadarai, ba na goge farcen mata ba, wannan akwai mai da turare a ciki. Shi ma ba don baƙin ba, ba ya taɓa shi. Amfaninsa cire maiƙon hannu, da ɗanko, da wani kore-kore mai yauƙi da ledar PVC mai laushi ke bari. A zuba a kofin gilashi, a sa kwandalar minti biyar zuwa goma, a ɗauke ta da baki, a sake tsoma ta a sabo, a jingine ta ta bushe da kanta. Ba shafawa, ba hurawa da baki. A yi shi a waje nesa da wuta, kuma kada ya taɓa kwanson roba, yana narkar da shi.

Fararen ɗigon ta Kanada kuwa daga masana'anta suke, sun shiga fatar ƙarfen tun wajen wanke fallen da gasa shi, sukan fito bayan watanni ko shekaru. Asiton ba ya cire su. Wasu na gogewa da abin goge fensir, ɗigon ya tafi ya bar karce. Ka bar su. A kwandalar zuba jari ba su rage ko ɗigon azurfa ba. Gidan bugun Kanada ya fito da wata hanya ta rage su daga 2018, shi ya sa an fi ganinsu a na shekarun baya irin taka.

Ajiya a ƙasarmu sai an yi da gaske, musamman ku na Kumasi da damina biyu, mu kuma ga iskar teku. Kowacce a kwanson roba mai tauri daidai faɗinta, kada ta riƙa motsi a ciki. A sa su cikin mazubi mai marfin da ba ya shan iska, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa sauya su duk wata biyu ko uku a damina. A nisanta su da robar ɗaure kuɗi, da takardar jarida, da ulu, da hayaƙin gawayi, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta. Ɗakin da ake turara kaya ba wurin azurfa ba ne. In za a taɓa, a wanke hannu a bushe, a kama ta baki da baki a kan tawul, kuma kada a yi magana a kanta, ɗigon yawu ɗaya yana zama baƙin tabo bayan wata.

Baba na Asawase ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Saura ta Ingila, kuma ita ce ke ruɗin mutane, har waɗanda suka daɗe a harkar.

Yaro, giram 28.3 da ka gani bai gaya maka komai ba. Wannan kwandala ta 1981, da ta 1977 ta cikar Sarauniya shekara 25 a kan mulki, da na fam biyar da suka biyo baya daga 1990, an buga su iri biyu: ta farin ƙarfe, wato jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25, wadda aka buga da miliyoyi, da ta azurfa 925 furuf mai kwali da takarda. Dukansu giram 28.28, dukansu milimita 38.61. Zane ɗaya, rubutu ɗaya, kuma babu inda aka rubuta azurfa a jikin ta azurfar. Maganaɗisu ba ya kama ko ɗaya. Bambancin yana cikin kauri, ta azurfa ta fi siranta, amma tazarar kaɗan ce, kuma tudun baki yana ɓata awo.

Abin da ke raba gardama shi ne awon ruwa. Ka ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikelin, ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure kwandalar da zaren ɗinki a gicciye, ka saukar da ita cikin ruwan har ta nutse duka, ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta taɓa gefe ba, zaren na hannunka. Lambar da sikelin ya nuna ita ce girman jikinta. Ka raba nauyinta da wannan lamba. Ta azurfa 925 za ta nuna kusan 2.73, rabon ya ba ka wajen 10.3 zuwa 10.4. Ta farin ƙarfe za ta nuna kusan 3.16, rabon ya ba ka 8.9. Ga mai oza ɗaya ta azurfa tsantsa, wato giram 31.1, ka sa ran 2.96, in jan ƙarfe ce aka shafe 3.47. Abin da ke ɓata wannan awo uku ne: kumfar iska da ta maƙale a jikin zanen, fanka da ke kaɗa ruwan, da hannu mai rawa. A kashe fanka, a rataye zaren a jikin fensir da aka gitta kan littattafai biyu, a maimaita sau uku.

Akwai kuma gwajin maganaɗisu mai ƙarfi, irin ƙaramin nan mai sheƙi na cikin tsohon faifan ajiyar kwamfuta. Ka karkata kwandalar tana cikin kwansonta, ka saki maganaɗisun a kai. A kan azurfa zai gangara a hankali kamar ana riƙe shi, a kan farin ƙarfe zai zame da gudu, a kan baƙin ƙarfe zai manne. Amma a kan jan ƙarfe tsantsa shi ma a hankali yake gangarawa, don haka wannan gwajin yana kama wasu jabun ne, ba ya wanke kowa. Na'urar haske ta masu sayen zinariya ita ma fata kawai take karantawa. In shafen azurfar ya yi kauri za ta ce maka 999 alhali ciki tagulla ne. A haɗa ta da awon nauyi da girma.

Jefa ta a ƙasa don jin ƙara kuwa, a bar wa tsofaffin sulalla da suka riga suka sha hannu.

Hajiya ta Nima ta ƙara:

Baba, a gafarce ni, ina da gyara ɗaya. Awon ruwan daidai ne ga ta 1981 da ba ta da kwanso, amma kada ɗan nan ya ji ya tsoma ta Nkrumah a ruwan famfo ko na leda. Gishirin da ke cikinsa yana bushewa ya bar zobe a kan madubi, zaren ma yana iya jan layi. In ya zama dole, tataccen ruwan da ake zuba wa batirin mota, sannan a tsoma ta a asiton ya kore ruwan. Ga wadda nauyinta da faɗinta da rubutun bakinta suka yi daidai, ni ban ga dalilin jiƙa ta ba.

Ɗan Aboabo ya dawo:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na ari sikeli mai lamba biyu. Ta Amurka giram 31.06, faɗi 40.6, amma kauri ya kai 3.4. Ta 1981 a ruwa ta nuna 3.15. Ta Nkrumah giram 28.25, rubutun bakin yana nan, ban jiƙa ta ba. Ta Kanada 31.12, kuma na ga 15 a cikin ɗan ganyen. Mai kayan ya ce yana da wasu a rufe cikin roba mai lamba daga Amurka, da wasu masu sunan Ghana na sidi biyar. Su ma in yarda da su?

Mai Sikeli na Alabar ya sake amsawa:

To ka gani. Ta Amurka an ƙara mata kauri ne don nauyin ya cika, ka mayar. Ta 1981 ta gaskiya ce amma farin ƙarfe, kuɗinta kaɗan ne ƙwarai. Sauran biyun ka yi ciniki.

Ga yadda za ka san ƙasan farashi. Ozar azurfa giram 31.103 ce, ba 28.35 ta kayan abinci ba, kuma da ita ake faɗin farashin duniya da dala. Ta Kanada oza ɗaya ce cif. Ta Nkrumah ka ninka 28.28 da 0.925, ya ba ka giram 26.16, wato oza 0.841. Ka ninka da farashin ranar, ka juya zuwa sidi. Abin da za ka ɗora a kan wannan shi ne kuɗin tarihi da lafiyar fuska, kuma a nan ne za ka zauna da fitila da tabarau ka nemi layukan goge. In an taɓa wanke ta, ƙarin ya ragu sosai. In tana da kwalinta na asali, ya ƙaru.

Na cikin roba mai lamba, kamfanoni biyu aka fi sani, PCGS da NGC. Suna ba da maki daga 1 zuwa 70. PCGS na rubuta PR kafin makin furuf, NGC na rubuta PF, in ka ga MS to ba furuf ba ce. DCAM ko Ultra Cameo na nufin farin zanen ya fito sosai a kan madubin. Furuf na zamani yawancinsu 69 ko 70 suke samu, don haka 69 ba abin a biya ninki ba ne. Ita robar ma ana yin jabunta. Kowacce na da lambar shaida, ka shigar da ita a shafin kamfanin na intanet, ka tabbatar shekara da harafi da maki sun dace, in akwai hoto ka gwada shi da ta hannunka tabo da tabo, domin masu jabu kan kwafi lamba ta gaskiya su buga a roba ɗari.

Masu sunan Ghana na sidi biyar, irin mai damisa da jerin namun dajin zamanin ƙanƙara, kamfanonin waje ne ke buga su don masu tarawa, ba ka taɓa ganinsu a kasuwar Kejetia ana ba da canji da su ba. Azurfa ce 999 oza ɗaya, amma yawancinsu na zuba jari ne masu ɗan ƙyalli, sai takardar ta ce furuf kuma fuskar ta nuna. Kowanne iri ka nemi awonsa kafin ka ɗora a sikeli, don ba duka ne 31.1 ba: Britannia ta Ingila daga 1997 zuwa 2012 giram 32.45 ce saboda azurfarta 958 ce, Panda ta Sin kuma daga 2016 giram 30 ce. Duk wadda ka ga an rubuta mata COPY, ko 100 MILLS, ko GERMAN SILVER, ka ajiye ta gefe: ta farko kwaikwayo ce, ta biyu shafe ne, ta ukun kuwa jan ƙarfe ne da nikel da zinki, babu azurfa a cikinta ko ƙwayar gero.